ZARE: Daga bindigar da ke neman maƙeri zuwa wadda ba ta neman kowa

1/ A fim, jarumi zai warware ƙaramar bindiga a kan tebur, ya rufe ido, ya mayar da ita kafin ka ƙifta. Tambayi duk wani tsohon ɗan sanda ko soja, zai gaya maka abin ba haka yake ba. Yau ina so mu bi tarihin wannan wahalar, tun daga Alƙalawa har zuwa Gwashi. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Tun kafin a yi nisa: tarihi za mu yi. Wanda ya zo neman a koya masa kwance bindiga ya yi ɓatan kai. Magana ɗaya nake son kafawa. Shekaru ɗaruruwa, wahalar gyara da ciyar da bindiga ce ta ɗaure ta a ƙofar sarki da maƙera. Da igiyar ta tsinke, mu mutanen Zamfara muka ji a jikinmu.

3/ Me ya sa ƙarama ta fi babba ba da wuya? Saboda an matse aiki mai yawa a wuri kaɗan. Sifirin ɗinta gajere ne mai tauri, ƙusoshinta kamar ƙwayar gero. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa rairayi, shi ke nan, ƙarfe kawai kake riƙe da shi. Shi ya sa barikin soja da na 'yan sanda suke da mutum na musamman mai kula da ɗakin makamai.

4/ To idan yau, da kayan aiki da makaranta, abin yana ba da wuya, ka ƙiyasta shekara 250 da suka wuce. Sunayen ma kansu baƙi ne. Bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya. Albarushi daga albarud. Harsashi daga rasas, wato dalma. Kayan sun zo mana daga nesa, sunayensu suka biyo su.

5/ Borno ta riga mu. A ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Alauma yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, limaminsa Ibn Furtu ya rubuta labarin. Ku lura da kyau: bai tsaya ga sayen bindiga ba, sai da ya kawo waɗanda suka san ta. Tun a lokacin an gane cewa bindiga ba ta tafiya ita kaɗai.

6/ A ƙasar Hausa kuwa, ga abin da littafin Tarihin Kano ya ce. Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin Kano na farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki. Eh, 'yan bindiga. A da sunan ma'aikatan fada ne. Ku dubi abin da kalmar ta koma yau.

7/ A daidai wannan zamanin ne, wajajen 1760, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. Sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri kafin ta zauna a Anka. Waɗannan yaƙe-yaƙen duk da doki, mashi, takobi da kibiya aka yi su. Bindiga tana nan, amma 'yar rakiya ce.

8/ Wace irin bindiga ce? Irin ta ƙanƙara, mai ɗuri ta baki. Mafi yawa a Birmingham ta Ingila da wasu biranen Turai ake ƙera su, a sauke a bakin teku, su biyo ta Nufe su hau arewa. Wasu kuma ta Sahara daga Tarabulus. Kuma ba masu kyau ake kawo mana ba. Masu arha ne, waɗanda aka yi don kasuwar Afirka.

9/ Lissafa abin da take buƙata kafin ta yi ƙara sau ɗaya: albarushi busasshe, dalma ko guntun ƙarfe, da ƙanƙarar da ke ba da wuta, wadda ita ma tana cinyewa, sai an sake. Damina ta sauka, albarushi ya sha raɓa, magana ta ƙare. Ka yi ɗuri ya yi yawa, ta fashe a hannunka.

10/ Kakanninmu ba su ɓoye ra'ayinsu a kanta ba, suka raɗa mata harba-ka-ruga. Ka harba ɗaya, kafin ka sake ɗuri maharbi mai baka ya saki kibiya biyar ko fiye, kowace da dafi. Kibiya kuwa a gari ake yin ta: maƙeri ya ƙera kai, kyauro daga fadama, dafi daga daji. Babu jiran ayari.

11/ Akwai ruwayar da kusan kowa ya ji a makarantar allo ko wajen wa'azi. Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu Usmanu ɗan Fodiyo fada a Alƙalawa, ya ɗana masa bindiga, wutar ta dawo ta ƙone shi shi kansa. Malamai sun lissafa wannan cikin karamomin Shehu, kuma a nan na bar shi.

12/ Abin da na ɗauka a ruwayar don zarenmu shi ne wurin da bindigar take: a fada, a hannun sarki. Talaka ba ya da ita. Da aka haɗu a Tafkin Kwatto a watan Yunin 1804, dawakin Gobir da masu lifidi sun sha kashi ne a hannun maharba masu baka. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a ciki.

13/ A watan Maris na 1824 Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin tsarabar da ya miƙa akwai ƙananan bindigogi masu baki biyu, na abokin tafiyarsa Dakta Oudney da ya rasu a hanya. Ƙaramar bindiga a lokacin kayan kyautar sarakuna ce, sahun alkyabba da agogo.

14/ Yanzu yi tunanin ranar da sifirin ɗin irin wannan bindigar ya karye a Sakkwato ta 1824. Wa zai sake shi? Wanda ya ƙera ta yana Ingila, tafiyar watanni. Don haka da yawan irin waɗannan kyaututtukan a taskar fada suke ƙarewa, a naɗe a ƙyalle, a fito da su a nuna wa baƙo, a mayar.

15/ Clapperton ya dawo a 1826, ya ga yaƙin da rundunar Bello ta kai wa Gobirawa a Konya da idonsa. Ya ƙiyasta mayaƙa dubu hamsin zuwa sittin. Bindigogin da ya ƙirga kuwa arba'in da 'yan kai ne. Dubu hamsin, bindiga arba'in da ɗoriya. Sake karanta wannan lissafin.

16/ Su ma masu bindigar, in ji shi, sai mutum ya matso ya harba, ya ruga baya inda kibiya ba ta kai wa, ya tsaya ɗuri. Harba-ka-ruga ke nan a aikace. Kuma mafi yawan masu riƙe bindiga a daular bayin sarki ne. Jarumi ɗan gidan sarauta doki da takobi ya sani, bindiga ba abin alfaharinsa ba ce.

17/ Kada wani ya ce maƙeranmu ne ba su iya ba. Mutanen da suke narka tama su fitar da ƙarfe, su ƙera garma, gatari, linzami, takobi. Da zuga-zugi, uwar maƙera, masaba da awartaki kawai. Matsalar a wuri biyu take: sifirin mai lanƙwasa ya dawo bai karye ba, da ƙusa mai zare da za ta shiga raminta daidai.

18/ Waɗannan biyun suna son ƙarfe na musamman da awo na ƙa'ida. Kuma bindigogin wancan zamanin da hannu ake gama su, ɗaya bayan ɗaya. Kunamar wannan ba lalle ta zauna a jikin waccan ba. Maƙeri zai kwance, ya goga, ya gwada, ya sake gogawa. Gyaran bindiga ɗaya ya ci masa kwanaki.

19/ Sarakunan da suka gane wannan sirrin su suka yi zarra. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara maƙera a Zinder ana haɗa albarushi, ana zuba igwa ta tagulla. Shi ya sa Damagaram ta zama abin tsoro, har magajinsa na baya, Ahmadu Kuran Daga, ya kawo yaƙi cikin ƙasar Kano.

20/ Can yamma, Samori Ture ya fi kowa nisa. Maƙeransa sun kai ga gyara bindigogin Faransa na zamani, har suna ƙera irinsu. Bayan an tashi daga faɗa, a bi fili a tsince kwanson harsashi a sake cikawa. Da wannan ya riƙe Faransawa shekara da shekaru kafin su kama shi a 1898.

21/ Rabe ma, da ya ci Borno ya zauna a Dikwa, ƙarfinsa bindiga ce da masu gyaranta da ma'ajiyar albarushi, har ranar da aka kashe shi a Kusuri a 1900. A Kano kuwa ana yi wa Sarki Alu kirari da Maisango. Sango shi ne mashin da ake ɗura wa bindiga a harbi giwa da shi.

22/ Kun ga abin da ya haɗa su? Duk wanda ya yi ƙarfi da bindiga a ƙarni na 19 sai da ya mallaki gari, kasuwa, hanyar ayari da unguwar maƙera. Ɓarayi da 'yan fashi suna nan tun fil azal, amma ba za ka riƙe bindiga ɗari a tsakiyar daji ba. Wata uku ya isa rabinsu su zama sanduna.

23/ Turawa ma sun san da haka. A 1890 suka zauna a Brussels ta Beljiyam suka sa hannu a yarjejeniyar da ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani. Me suka bari a ci gaba da sayarwa? Ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Su suna da mai jigida, mu a bar mu da harba-ka-ruga.

24/ Sakamakon ya bayyana a nan ƙasar Zamfara. Bayan Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato ta haɗu da 'yan sintirin Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen watan. Turawa biyu da sojoji 44. A lissafin Turawan, Kanawa dawaki dubu ne da dakaru dubu biyu.

25/ Awa biyu dawaki suna kai hari, ba su fasa sahun ba. Wazirin Kano Ahmadu a nan ya kwanta dama. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba ranar, wallahi. Bambancin shi ne ɓangare ɗaya yana da bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya, da masana'antar da ke aiko masa da shi akwati-akwati.

26/ Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi na Giginya a Sakkwato, da Maxim da igwa. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli. Sai kuma Satiru, kudu da Sakkwato, wanda ya fi kowanne nuna abin da nake faɗa.

27/ Ranar 14 ga Fabrairun 1906, talakawan Satiru da gatura, fartanyu da baka suka tarwatsa rundunar Turawa. Suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka ƙwace bindigar Maxim sukutum. Bindigar da ta ci daula ta faɗo hannun manoma. Ka ce shi ke nan, an gama.

28/ Ina! Maxim tana son ruwan sanyaya ta, jigidar harsashi, da mutanen da aka horar su warware ta idan ta cije. Ƙwace ta bai canja komai ba. Ranar 10 ga Maris Turawa suka dawo, aka kashe mutane kusan dubu biyu, aka shafe garin. Har yau Satiru kufai ne. Allah ya jiƙan musulmi.

29/ Daga nan bindiga a ƙauyukanmu ta koma ta farauta da biki. Wanda ya tashi a Gwashi, Bukkuyum, Gummi ko Anka ya san hoton: tsohon maharbi da bindigar toka a kafaɗa, an ɗaure ƙotarta da fata, ga layu. Ranar sallah ko naɗin sarauta a cika ta da albarushi, a saki ƙara, yara mu toshe kunne.

30/ Ni abin da na fi tunawa shi ne zaman maƙera. Maharbi zai kawo tasa ta ƙi tashi, maƙeri ya kwance ta a kan buhu, ya jera ƙusoshin a cikin ƙoƙo don kada ɗaya ta ɓata. Mu yara a kore mu gefe. Kafin a gama, duk wanda ya zo gyaran fartanya ya san bindigar wane ce, ya san abin da ya same ta.

31/ Wannan fa tsaro ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. Maƙeri ya san kowace bindiga a yankinsa, don dole ta dawo hannunsa. Sarkin maƙera yana da kunnen hakimi. Baƙo ya zo da bindiga yana neman gyara, kafin la'asar labari ya kai fada. Ba takarda, ba kwamfuta, amma rajista ce.

32/ Dokar makamai ta 1959, wadda Najeriya ke aiki da ita har yau, ta bi wannan sawun. Bindigar toka, lasisinta a wurin kwamishinan 'yan sanda. Ta harbin tsuntsu, wurin Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna sahun haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Gyaran bindiga ma kansa sai da izini.

33/ A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna. Tunanin dai shi ne na Tanimu da Samori: ƙasar da ba ta iya ƙerawa da gyarawa, aron makami take yi. Amma a daidai lokacin, wata bindiga da aka ƙirƙiro a Tarayyar Sobiyat ta riga ta fara zaga duniya, kuma ita ce za ta rushe tsohon lissafin.

34/ Mikhail Kalashnikov, sojan tankar yaƙi da aka raunata a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya tsara AK-47, sojan Sobiyat suka karɓe ta a 1949. An yi ta ne don ɗan ƙauyen da bai yi makaranta mai zurfi ba. Sassa kaɗan, manya-manya, masu jure ƙura da laka. Har 'yan sakandare aka riƙa koya wa kwance ta a can.

35/ Ka ga an juya tarihi. Ƙaramar bindigar da aka kai wa Bello tana neman gwani daga Ingila. Maxim tana neman ƙungiya. Ta toka tana neman maƙerin gari. Wannan kuwa ba ta neman kowa. Ana ƙiyasta an ƙera irinta kusan miliyan 100. Shi kansa Kalashnikov, kafin ya mutu a 2013, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana kukan rayukan da ta ci.

36/ Yaƙe-yaƙen Chadi, na Laberiya da Saliyo, sannan rushewar Libiya a 2011, duk sun zubo makamai cikin yankin Sahel. Abin da bai yiwu ba a ƙarni na 19 ya yiwu yanzu: mutum ɗari a tsakiyar daji, ba gari, ba maƙeri, ba sarki, kuma bindigoginsu suna tashi rani da damina.

37/ Ban ce bindiga ce ta haifi rikicin Zamfara ba. Akwai satar shanu, cinye burtali da makiyaya, zaluncin masu iko, rikicin zinare, ɗaukar doka a hannu da ramuwar gayya. Amma rigimar manomi da makiyayi ta girmi kakanninmu. Da sanda da kibiya ake yin ta, a yi sulhu a gaban hakimi. Makamin ne ya sauya girman gawa.

38/ A farkon Janairun 2022, cikin 'yan kwanaki, an afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58, mutanen yankin suka ce sun kai 200. 'Yan sa-kai da bindigar toka a gaban masu AK. Kwatarkwashi ce ta dawo, sai dai wannan karon duka ɓangarorin 'ya'yan ƙasar nan ne.

39/ A watan Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Na fahimci zafin da ya kawo duka biyun. Wanda aka kore daga gonarsa ba ya son dogon Turanci. Amma tarihin nan yana da abin da zai ƙara mana.

40/ Igiya ɗaya ba ta tsinke ba: harsashi. AK ba ta neman maƙeri, amma cikinta ba ya cika, kuma abincinta daga masana'anta yake fitowa. Ba a daji ake yin sa ba. Kowane ɗaya da aka harba a ƙasar Bukkuyum ya ratso iyaka ko ya fito daga wata ma'ajiya, ya hau mota, ya wuce shingaye, wani ya karɓi kuɗi.

41/ Shi ya sa idan na ji an kama mai safarar harsashi a buhun hatsi ko cikin kayan mata, nake cewa nan ne bakin zaren. Turawa a 1890 ba su bi kowane maharbi gida ba, hanyar kaya suka toshe. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa 'yan siyasa ita ce: daga ina yake fitowa, wa ke rakiyarsa, wa aka hukunta?

42/ Ku kuma samari masu ɗaukar hoto da fistol don a ce muku oga: ban da ɗaurin da doka ta tanada, ku sani yawancin haɗarinta a ɗaki yake faruwa, wajen wasa da ita ko ƙoƙarin kwance ta, an manta akwai harsashi a ciki. Wanda ke kusa shi ke tafiya, ƙani ko aboki. Wanda ya tsinci makami ya sanar da hukuma, kada ya taɓa.

43/ Aikin gida: idan akwai tsohon maƙeri ko sarkin baka a garinku, ku je ku gaishe shi, ku kunna rikoda. Ku tambaye shi bindiga nawa ce a garin lokacin yana saurayi, kuma ta su wa. Zai lissafa muku su da suna. Sannan ku tambayi kanku wa zai iya wannan lissafin yau. Ku ajiye mana amsarsa a ƙarƙashin zaren nan.

44/ Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a Gwashi, Anka, Gummi, Bukkuyum da sauran ƙasar Zamfara. Allah ya mayar da na gudun hijira gidajensu, ya kuɓutar da na hannun 'yan ta'adda, ya ba mu damina mai albarka da za mu noma ba tare da waige ba. Wanda ya amfana ya tura wa wani.